Darasi: Gayyar Lissafi, ko Yadda Ake Raba wa Kwamfuta Aiki

A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya ta Jihar Zamfara sun auna yara sama da 97,000 a wurare 21 na ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, aka tarar kimanin ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa. Duk uwar da ta taɓa kai yaro awo, a Gurbin Bore ne ko a cikin garin Zurmi, ta san yadda abin yake. Ɗan siririn tef mai launi uku ake zagaya wa dantsen yaro. In ya tsaya a ja, wato ƙasa da milimita 115, abin ya yi tsanani. In a ruwan ɗorawa ya tsaya, tsakanin 115 da 125, yaron yana bakin haɗari. In kore ne sai hamdala. Kowane awo yakan zama layi guda a rajista, rajista kuma ta ƙare a cikin kwamfuta, daga nan ne mai lissafi yake karɓar aiki.

Ƙirga yara nawa ne suka gaza 125 ba ya ɗaukar kwamfuta ko ƙiftawar ido. Inda ake jira shi ne tambayar da ke biye: yaya za mu amince da wannan adadi? Da wasu garuruwan aka je ba waɗannan ba, da nawa za a samu? Hanya ɗaya ta amsawa ita ce wadda Bradley Efron na Jami'ar Stanford ya fito da ita a 1979, masana na ce mata bootstrap. A cikin garuruwan da ke hannunka sai ka jefa ƙuri'a ka zaɓi 21, gari yana iya fitowa sau biyu ko uku, wani kuma ya ƙi fitowa sam. Ka yi lissafinka ka ajiye amsa, ka sake jefa ƙuri'a. Haka za ka yi sau dubu, ko dubu goma, sannan ka duba yadda amsoshin suka bazu. Lissafi ɗaya ne ake ta maimaitawa, kuma zagaye na ɗari bai damu da abin da na casa'in da tara ya samo ba. Aikin da yake da wannan hali shi ne abin da za mu koyi rabawa yau.

Ɗaya na aiki, uku na kallo

Ka sa manhajar R wani dogon lissafi, sannan ka buɗe Task Manager ka duba. A kwamfuta mai ƙwaya huɗu za ka ga firosesa tana aiki da wajen kashi 25 cikin ɗari na ƙarfinta, kai kuwa kana zaune kana jira. Dalili shi ne ƙwaƙwalwar kwamfutar yau ba guda ɗaya ba ce. A cikinta akwai ƙwayoyi biyu, ko huɗu, ko takwas, kowace tana iya gudanar da nata lissafin. Tun wajen 2005 kamfanoni irin su Intel da AMD suka ga cewa ƙara wa ƙwaya ɗaya gudu yana jawo zafi da cin wuta fiye da kima, sai suka koma jera ƙwayoyi da yawa a wuri guda. Ko wayar da ke aljihunka haka take, in an rubuta octa-core a kwalinta to ƙwayoyi takwas ke ciki. Shi kuwa R ya girmi wannan sauyi. Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka ƙirƙire shi a Jami'ar Auckland da ke Niuzilan a farkon shekarun 1990, cikakken fitowarsa ta farko kuma ta zo a watan Fabrairun 2000. A al'adarsa umarni ɗaya yake bi, ya gama, ya kama na gaba, duk a ƙwaya ɗaya.

Manomi ya san maganin wannan tun kafin a yi kwamfuta. Gona ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ciyawa na neman cin gero, sai a kira gayya. Mai gayya shi ke raba kunya, shi ke nuna iyakar gona, shi ke tanadin fura da tuwo, shi ne kuma zai zagaya da yamma ya ga abin da aka yi. A kwamfuta, R ɗin da kake rubutu a cikinsa shi ne mai gayya. Shi zai tayar da wasu R ɗin, biyu ko uku, waɗanda ba su da allo, ba ka ganinsu, kowane ya hau ƙwaya ɗaya. Su za mu riƙa kira ma'aikata. Abu biyu na gayya nake so ku riƙe, domin kusan duk matsalar da za ku haɗu da ita daga cikinsu take fitowa. Ɗan gayya bai san gonarka ba sai abin da ka nuna masa. Sannan gayya tana da tsada, ba a kiranta don ɗan fegin bayan ɗaki.

Tunanin ma ya girmi na'urar. A 1922 wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya wallafa littafi kan hasashen yanayi ta hanyar lissafi. Ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 a wani makeken zaure, kowa yana lissafin yankinsa na duniya, da jagora a tsakiya yana daidaita saurinsu, kafin lissafin ya iya riga yanayin da kansa. Ba a taɓa gina zauren ba, amma tsarin da ya zana shi ne wanda manyan kwamfutocin hasashen damina suke bi a yau.

Mu gwada da hannunmu

Kayan aikinmu ƙunshin parallel ne. Tun fitowar R 2.14.0 a 2011 yake zuwa tare da R, ba sai an sauko da shi ba. An haɗa shi ne daga tsofaffin ƙunshi biyu, snow na Luke Tierney da abokan aikinsa, da multicore na Simon Urbanek.

Rajistar yaran gaske amana ce, ba abin wasan aji ba, saboda haka za mu ƙirƙiri ta bogi mai kusan girmanta. Lambobin da za su fito ba su da alaƙa da ko yaro ɗaya na Zurmi ko Shinkafi.

```r
library(parallel)
set.seed(1996)
n <- 97000
yara <- data.frame(gari = sample(1:21, n, replace = TRUE),
                   wata = sample(6:59, n, replace = TRUE))
yara$awo <- round(rnorm(n, 125 + yara$wata / 3, 13))
rabo <- split(yara$awo, yara$gari)

zagaye <- function(i) {
  zabi <- sample(length(rabo), replace = TRUE)
  awo <- unlist(rabo[zabi], use.names = FALSE)
  mean(awo < 125)
}
```

Ku lura garuruwa muke zaɓa da ƙuri'a, ba yara ɗai-ɗai ba. Yaran gari ɗaya rijiya ɗaya suke sha, kasuwa ɗaya iyayensu ke ci, in an hana noma a dajinsu tare aka hana su, don haka awonsu yakan yi kama da juna. Wanda ya manta da wannan zai fito da amsa mai kama da tabbas alhali ba haka take ba. Wannan darasin wata rana ne, mu koma kan rabon aiki.

Da farko yi shi yadda muka saba, ka auna lokaci:

```r
system.time(a <- lapply(1:3000, zagaye))
```

Adadin da ke ƙarƙashin elapsed shi ne daƙiƙun da ka jira. Rubuta shi a takarda. Yanzu sai gayya:

```r
detectCores()
gayya <- makeCluster(3)
b <- parLapply(gayya, 1:3000, zagaye)
```

Ba zai yi ba. R zai dawo maka da jan rubutu yana cewa ma'aikata uku sun ci karo da matsala, ta farko kuma ita ce `object 'rabo' not found`. Da gangan na bari ku ga wannan, don shi ne saƙon da ya fi kowane yawan fitowa a wannan fage, kuma yakan rikita mutum, tunda ga `rabo` nan a gabansa yana gani. A wurin mai gayya yake. Ma'aikatan nan uku sabbin R ne fil, kansu wayam, ba su karanta fayil ɗinka ba, ba su san ƙunshin da ka buɗe ba, ba su ji komai daga abin da ka rubuta tun safe ba. `parLapply` ya aika musu da umarnin `zagaye` da lambobin zagayen da aka ba kowa, iyakar abin da ya aika ke nan. Sauran sai ka miƙa da kanka:

```r
clusterExport(gayya, "rabo")
clusterSetRNGStream(gayya, 2024)
system.time(b <- parLapply(gayya, 1:3000, zagaye))
stopCluster(gayya)
quantile(unlist(b), c(0.025, 0.975))
```

`clusterExport` yana kwafe abin da ka ambata ya ba kowane ma'aikaci nasa. Da umarninka yana amfani da wani ƙunshi, sai ka ƙara layi irin `clusterEvalQ(gayya, library(survey))` don kowannensu ya buɗe shi a wurinsa. `parLapply` yana yanka zagaye 3,000 gida uku, dubu-dubu, ya jira kowa ya gama, ya jera amsoshin bisa tsarinsu na asali. `stopCluster` sallama ce. Kar a raina ta. Ma'aikacin da ba a sallama ba yana iya zama a ɓoye yana riƙe da ram, ka yi ta mamakin abin da ya sa kwamfuta ta yi nauyi.

Tunda hanya ɗaya ce tsakaninka da ma'aikaci, wato abin da ka aika da abin da ya mayar a ƙarshe, akwai abubuwan da ba za su yi aiki yadda ka saba ba. In ka sa `print` a cikin umarnin don ka ga inda aka kai, ba abin da zai fito a allonka, domin can wurinsa ya buga. In ka ajiye wani adadi kana so kowane zagaye ya ƙara masa ɗaya, za ka dawo ka same shi yadda ka bar shi, kowa kwafinsa ya ƙara wa. In kuma ka sa su duka su yi rubutu a fayil ɗaya a lokaci ɗaya, to ka shirya ganin layuka a cakuɗe. Ka'idar mai sauƙi ce: duk abin da kake so daga ma'aikaci, ya zama shi ne abin da umarnin ya mayar.

Ƙuri'ar da ba ta maimaita kanta

Layin `clusterSetRNGStream` ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan ne kuskure yake shiga ba tare da jan rubutu ba.

Kwamfuta ba ta jefa ƙuri'ar gaske. Jerin lambobi take bi wanda ya tashi daga wani adadi na farko da ake kira iri, in ka ba ta iri ɗaya za ta ba ka jeri ɗaya ko sau nawa ne. Amfanin `set.seed` ke nan: malamin da ke duba aikinka ya gudanar da shi a tasa kwamfutar ya sami amsarka daidai. To amma `set.seed` ɗin da ka rubuta a sama na mai gayya ne kaɗai, bai kai ga ma'aikata ba. In ka bar su haka kowane zai ɗauki nasa irin, amsar yau ta bambanta da ta gobe, ba kuma yadda za ka dawo da ta jiya.

Sai mai wayo ya ce, to bari in ba su duka iri, ya rubuta `clusterEvalQ(gayya, set.seed(1))`. Wannan ya fi na farko muni. Ukun nan yanzu jeri ɗaya suke bi, garuruwan da na farko ya zaɓa a zagayensa na ɗaya su na biyu da na uku suka zaɓa. Kana tsammanin kana da zagaye 3,000, ashe 1,000 ne aka rubuta sau uku. R ba zai ce uffan ba. Za ka iya kama shi da kanka: rubuta `length(unique(unlist(b)))`, in adadin bai wuce dubu ba ka san abin da ya faru.

`clusterSetRNGStream` yana amfani da wata dabara ta Pierre L'Ecuyer na Jami'ar Montreal da ke Kanada. Daga iri ɗaya take tsaga jeri masu yawa, masu nisan gaske da juna, ta ba kowane ma'aikaci nasa. Kowa da tasa ƙuri'ar, amma gaba ɗayan aikin yana maimaituwa. Sharaɗi ɗaya ne: yawan ma'aikata ya zama ɗaya. Iri 2024 da ma'aikata uku ba zai ba da lambobin da iri 2024 da ma'aikata biyu zai bayar ba. Don haka ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda ne ko a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ya rubuta duka biyun a rahotonsa, irin da ya sa da yawan ma'aikatan da ya ɗauka.

Nawa ake ragewa?

Yanzu kwatanta lokutan nan biyu da ka rubuta. Da wuya ka ga na biyu ya zama sulusin na farko cif. Tayar da ma'aikata yana cin lokaci, aika musu da bayanai yana ci, karɓo amsa yana ci. Gwada wani abu ƙarami ka gani, misali `sqrt` na lambobi 1 zuwa 1,000: R ɗaya zai gama kafin a ce an gama tayar da ma'aikacin farko. Fegin bayan ɗaki ke nan. A ganina lissafin da bai kai minti ɗaya ba bai cancanci wannan wahala ba, sai in koyo ake. Namu na sama ma bai kai haka ba. Inda riba take fitowa sosai shi ne in kowane zagaye yana da nauyi, kamar a ce a cikinsa ana gudanar da `glm` don a ga yadda watannin yaro suke shafar awonsa.

Akwai kuma iyakar da ba a tsallakewa, wadda Gene Amdahl, injiniyan da ya yi aiki a IBM, ya bayyana a 1967. Kowane aiki yana da ɓangaren da ba ya rabuwa. A ce lissafinka na minti 60 ne, minti 12 na karanta fayil da gyara shi da haɗa rahoto, 48 kuma na zagayen da ake iya rabawa. Da ma'aikata huɗu 48 ta koma 12, jimla 24. Da takwas ta koma 6, jimla 18. Ka ninka ma'aikata amma minti shida kacal ka samu. Ko dubu ka tara ba za ka sauko ƙasa da 12 ba. Wanda ya fahimci wannan ba zai sayar da akuya don ya sayi kwamfuta mai ƙwaya goma sha shida ba kafin ya auna wane ɓangare na aikinsa ke cin lokaci. Sau da yawa gyara rubutun umarnin da kansa yana rage lokaci fiye da gayya. Wannan `use.names = FALSE` da ke cikin `zagaye` misali ne: yana hana R ɓata lokaci wajen laƙaba wa kowane awo suna. Haka `split` da muka yi sau ɗaya a waje, da a cikin zagayen muka sa shi da an maimaita shi sau 3,000 a banza.

Wani aikin kuma sam ba ya rabuwa. In kana lissafin damshin ƙasa a gona rana bayan rana daga ruwan saman da aka yi, damshin Talata ya dogara da na Litinin, ba yadda za a ba wani Yuli wani Agusta su fara tare. Abin da za a raba shi ne gonakin: wannan ya ɗauki ta Ƙauran Namoda daga farkon damina zuwa ƙarshe, wancan ta Shinkafi, na uku ta Zurmi. Kafin ka taɓa `makeCluster` tambayi kanka ko za a iya yin guntayen aikin a kowane jeri, a fara da na ƙarshe a ƙare da na farko, amsa ba ta canja ba. In eh ne, a raba.

Rabon ma yana iya zama na rashin adalci. `parLapply` yawan guntaye yake dubawa, ba nauyinsu ba. In ka raba aiki gari-gari, wani ma'aikaci ya sami manyan garuruwa wani ya sami ƙauyuka, biyu za su gama su zauna jiran ɗaya. `clusterApplyLB` yana maganin wannan, duk wanda ya gama sai a miƙa masa guntu na gaba. Amma da yake ba a san wa zai ɗauki wane guntu ba, in akwai ƙuri'a a cikin aikin maimaituwar amsa ta tafi. Sai ka zaɓi wanda ya fi maka.

Haɗa amsoshi shi ma yana da tarko, kuma tarkon lissafi ne, ba na kwamfuta ba. A ce ma'aikaci na farko ya duba gari mai yara 100 ya sami 40 da tamowa, kashi 40 ke nan. Na biyu ya duba mai yara 900 ya sami 90, kashi 10. In ka haɗa 40 da 10 ka raba biyu za ka ce kashi 25. Gaskiyar magana yara 130 ne cikin 1,000, wato kashi 13. A irin wannan aiki kada ma'aikaci ya mayar da kaso. Ya mayar da adadi biyu, yaran da ya ƙirga da waɗanda ya samu, mai gayya ya tara sannan ya raba.

Ram, batir da zafi

Littattafan da aka rubuta a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ba su cika damuwa da wannan ɓangare ba, mu kuwa dole mu damu. Yawancinmu kwamfutar hannu ce ta gwanjo, mai ram gigabait 4 ko 8, Windows kuma ya riga ya cinye rabonsa. Kowane ma'aikaci yana riƙe da cikakken kwafin abin da ka aika masa. Rajistarmu ta yara 97,000 ba ta da wani nauyi, 'yan megabait ne. Amma in bayanan sun kai gigabait ɗaya, kamar hotunan tauraron ɗan'adam na gonaki, ma'aikata uku da mai gayya sun zama huɗu. Da zarar ram ta cika sai kwamfuta ta koma jingina da faifan ajiya, aikin da ka so ya yi sauri ya fi na da jinkiri, linzami ma ya daina motsi. Duba nauyin abu da `object.size` kafin ka aika, kuma ka aika abin da ake buƙata kawai. Shi ya sa muka aika `rabo` muka bar `yara`.

Adadin da `detectCores()` ke bayarwa shi ma a bi shi da hankali, don sau da yawa yana ƙirga kowace ƙwaya sau biyu. `detectCores(logical = FALSE)` ya fi kusa da gaskiya. Ko nawa ya ce, bar ɗaya don sauran hidimar kwamfuta.

Ƙwayoyi huɗu suna aiki gadan-gadan suna shan batir da sauri, suna kuma zafi. A watan Afrilu, a ɗakin kwano, kwamfutar da aka ɗora kan katifa takan rage gudunta da kanta don kar ta ƙone, ribar da ka ci ta zube. Ɗora ta kan tebur ko benci inda iska ke shiga ta ƙasa, ka yi dogon lissafi da sassafe ko lokacin da sola ke caji. Kwamfutoci da yawa kuma sukan rage ƙarfi in an zare su daga wuta, don haka awon lokacin da ka yi a kan batir ba lallai ya yi daidai da na kan caji ba. Sannan kada ka jibga aikin awa uku a umarni ɗaya. Yanka shi gida goma, bayan kowane kashi mai gayya ya ajiye amsa da `saveRDS`. In wuta ta yanke a kashi na takwas, bakwai suna nan.

Za ku ji ana cewa a yi hayar manyan kwamfutoci ta intanet, masu ƙwayoyi ɗaruruwa. Ana yi, kuma tsarin da muka koya shi ne dai a can. Sai dai mutanen wannan yanki ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba intanet. Ma'aikatan da `makeCluster` ke tayarwa a cikin kwamfutarka suke, maganarsu da mai gayya ba ta fita waje, ba ta cin data ko ta sisi.

Masu Linux ko Mac suna da gajeriyar hanya, `mclapply(1:3000, zagaye, mc.cores = 3)`. A nan R yakan tsaga kansa ne, ma'aikata su tashi da sanin duk abin da mai gayya ya sani, ba sai an yi `clusterExport` ba, ram ma ba ta ninkuwa sai in sun sauya wani abu. A Windows wannan hanya ba ta karɓar ma'aikaci fiye da ɗaya, shi ya sa muka koyi doguwar, wadda ke aiki ko'ina. Wanda ya ci gaba zai haɗu da ƙunshin foreach da future, zai ga multiprocessing a Python, da Stata/MP ga masu Stata. Sunayen umarni ne ke sauyawa, tambayoyin na nan: me ma'aikaci ya sani, me zai mayar, wace ƙuri'a yake bi.

Aikin gida

Gudanar da misalin darasin da ma'aikaci ɗaya, da biyu, da uku, ka rubuta lokacin kowanne, ka haɗa har da lokacin `makeCluster` da `clusterExport` a cikin awon. Sannan ka sake rubuta `zagaye` yadda a kowane zagaye zai haɗa layukan garuruwan da aka zaɓa ya gudanar da `glm(awo < 125 ~ wata, family = binomial)` a kansu, ka rage zagayen zuwa 300, ka sake aunawa. Wane abu ne yanzu ya zama dole ka aika wa ma'aikata wanda da ba ka aika ba?

Malama Hajara, sunan misali ne, tana da lissafin minti 90, minti 30 daga ciki ba ya rabuwa. Kwamfutarta mai ƙwaya huɗu ce, ana yi mata tallar mai takwas. In ta bar ƙwaya ɗaya hutu a kowace, minti nawa sabuwar za ta rage mata? Ku zo da amsa a rubuce, da shawarar da za ku ba ta.

A ƙarshe ka maye gurbin `clusterSetRNGStream` da `clusterEvalQ(gayya, set.seed(1))`, ka gudanar, ka ƙirga amsoshin da suka bambanta da juna. Kawo adadin aji mako mai zuwa.